Hannun Wani a Faifanmu

Ina da wani hali da matata ta gaji da yi mini faɗa a kansa: ba na iya jin abu ba daidai ba in kama bakina. Idan sifikar masallaci tana ƙara a tsakiyar huɗuba, ni ne zan tsallake sahu in je in murɗa ta. Idan mawaƙi ya kauce a gidan biki, fuskata za ta tona ni tun kafin in ankara. Gyaran rediyo da sifika nake yi a wani ɗan shago a Nassarawo, kuma na daɗe ina taƙama da cewa duk Mubi babu mai kunne irin nawa. Wannan taƙamar ce ta kai ni na yi wa wata tsohuwa a Muchalla abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Mu huɗu ne a ƙungiyarmu, kuma kiɗan rok muke yi, wato kiɗan nan na jitar lantarki mai kuwwa da ganguna masu ƙarfi. A Mubi kuwa wannan neman magana ne. Mutane sun saba da waƙoƙin fim, da kiɗan da ke tsallako mana daga Kamaru, da waƙoƙin coci. Mu kuma muka tashi da abin da muka kwaso daga wani kwalin kaset-kaset da wani tsohon soja ya bari a shagona bai dawo ya ɗauka ba. Muka saurara har muka haddace, sannan muka fara tsara namu da Hausa. Mai rera mana waƙa wata ɗaliba ce mai koyon aikin jinya. Mai jitar bes, mai kaurin sautin nan, wani dogon malamin firamare ne da ba ya magana sai an tambaye shi. Ni ke kan ganguna, waɗanda mai walda ya haɗa mini ƙafafunsu da ƙarfen tsohon gado. Na huɗun shi ne abokina, mai babbar jita, ɗan Muchalla, wanda yake shigowa gari a kan acaɓa da jitarsa a cikin buhun taki.

Abokina manomi ne kafin ya zama makaɗi, kuma hannunsa bai taɓa ɓoye hakan ba. Yatsunsa kaurara ne, duk kanta. Idan ya ja su a kan tsirkiya daga wannan wuri zuwa wancan, sai ka ji wani ƙiii kafin sautin ya fito. Ga shi kullum yana ɗan makara. Ni in buga, shi kuma ya biyo baya da kamar rabin numfashi, ko a jikinsa. Na zage shi a kan wannan ya fi a ƙirga. Sai ya yi dariya ya ce, "Kai ne kana gudu kamar an biyo ka. Ni ina wurin da waƙa yake."

Mahaifiyarsa, wadda dukkanmu muke kira Mama, mijinta ya rasu tun abokina yana ƙarami, kuma shi kaɗai Allah ya bar mata. Da gyaɗa da wake ta raine shi. Tana cikin zumuntar mata a cocinsu, ta san waƙa, tana kuma da ra'ayi a kanta. Abin da muke yi bai taɓa shiga lissafinta a matsayin kiɗa ba. "Wannan ba waƙa ba ne, faɗa ne," in ji ta. Idan ya ɗauko jita a tsakar gida sai ta kore shi zuwa bayan rumbu. Yakan mayar da abin wasa in yana ba mu labari, har ya kwaikwayi muryarta, amma na san yana ci masa rai.

Waƙoƙi shida muke da su waɗanda muke ji da su, kuma sau biyu aka taɓa ɗaukar su.

Na farko a Maiha ne, a wani bikin aure, da la'asar, a filin wata makaranta. Ango abokin malamin nan namu ne, shi ya sa ma aka yarda da mu. Kafin mu fara na ɗora wata ƙaramar na'urar ɗaukar murya a kan kujera, dab da sifikar abokina. Ba don tarihi na yi ba. So nake in samu hujjar da zan kunna masa washegari, ya ji makararsa da kunnensa, ya daina yi mini gardama. Daga ƙarshe ruwa ya kore mu, muka kwashi kaya a guje, na jefa na'urar a aljihun tebur na manta da zancen.

Na biyu a Jos ne, a situdiyo, bayan wasu watanni. Mun ɗauka za a jera mu ne mu buga kamar yadda muka saba, a ɗauka, a sallame mu. Ashe ba haka ake yi ba. Wani ƙaramin ɗaki ne aka manna wa bangonsa soso. Mutum ɗaya ke shiga, a sa masa abin ji a kunne, wata na'ura ta dinga yi masa ƙwas, ƙwas, ƙwas don kada ya kauce daga ma'auni. Mai haɗa sautin, wani saurayi mai tabarau da taushin murya, yana zaune bayan gilashi a gaban kwamfuta. Ba ka ganin idon ɗan'uwanka, ba ka jin numfashinsa, daga kai sai ƙwas ɗin nan.

Mai waƙarmu ta shiga ta fito lafiya. Malam ma haka. Ni na sha wuya amma na lallaɓa. Da aka zo kan abokina sai abu ya tsaya cak. Mutumin da yake buga waƙa shida a jere a tsakiyar rana bai yi gumin kirki ba, sai ga shi rigarsa ta jiƙe sharkaf a ɗaki mai sanyi. Ya fara, a tsayar da shi. "Oga, taimin ɗinka ya sake fita, ka makara. A sake." Ya sake, a tsayar. Kwana uku muna wannan. Ta gilashin ina hango shi yana share tafin hannunsa a wando, yana murmushin da ba na dariya ba. A rana ta uku mai tabarau ya cire abin kunnensa ya ce, "Ya isa haka. Ku je gida, zan daidaita sauran." Muka yi ta yi masa godiya kamar ya ba mu kyauta.

Bayan mako uku wani direba ya kawo faifan. Na rufe ƙofar shago da tsakar rana, daga ni sai abokina, na saka shi a na'ura mafi kyau da nake da ita. Waƙar farko da jita take farawa. Ba ta yi nisa ba na ji abu ba daidai ba. Sautin ya fito tas, kowane bugu a kan lokacinsa, babu ƙiii, babu makara. Na juya na dube shi. Ya ƙura wa sifika ido.

"Wannan ba ni ba ne," ya ce.

Da ganguna suka shigo na gane ni ma ba ni ba ne, na'ura ce. Raina ya ɓaci, na kira mai tabarau a waya nan take, ina ihu har maƙwabcina tela ya leƙo. Bai ma musa ba. Cikin taushin muryarsa ya ce ya gwada gyara na abokina ya ƙi gyaruwa, don haka ya share shi ya ɗauki tasa jitar ya sake bugawa daga farko har ƙarshe, duka shidan. Ya ce haka ake yi a ko'ina, kuma ya ɗauka taimakonmu ya yi. Na ce da abokina mu fasa faifan nan mu watsar. Ya zare shi daga na'ura, ya mayar cikin kwalinsa, ya sa a aljihu ya fita neman acaɓa.

Kwana huɗu ban gan shi ba. Da ya dawo, tun daga bakin ƙofa na ga wani haske a fuskarsa da ban saba gani ba. Ya ce ya ari na'urar fasto ya kunna wa Mama. Ta ajiye abin da take yi ta saurara har ƙarshe, ta ce a sake. Da aka gama na biyu ta dube shi ta ce, "Ashe ka iya." Ranar Lahadi ta ɗauki faifan ta kai wa matan zumunta, tana nuna musu hotonsa a jikin kwalin.

"Ka faɗa mata gaskiya?" na tambaye shi.

"Wane gaskiya? Tun da aka haife ni bai taɓa ce mini na iya wani abu ba sai noma." Haka yake magana, mace da namiji duk ɗaya ne a Hausarsa, kamar yawancin mutanen ƙauyukanmu. Ya kama hannuna ya matse. "Na san bakinka. Ka yi mini alkawari ba za ka faɗa ba. Ko ga Malam."

Na yi masa alkawari. Na ma rantse, don ya ƙi sakin hannuna sai da na rantse.

Shekara ba ta zagayo sau biyu ba 'yan bindiga suka shigo, garin ya watse. Ba zan ba da labarin wannan ranar ba, duk wanda yake Mubi a lokacin yana da nasa, kuma nawa bai fi na kowa ba. Lokacin kaka ne, dawa ta sunkuya. Muka ji harbi, muka fita da abin da ke jikinmu. Abokina yana gari a ranar. Wani da ya san shi ya ce ya gan shi a bakin gadar mayo, wato kogin garin, jama'a suna yin kudu shi yana yin arewa, ya ce zai je Muchalla ya ɗauko Mama. Ita kuwa tun da safe ta bi mata sun haye duwatsu ta wajen iyaka. Bai isa Muchalla ba. Ba a ga gawarsa ba, ba a ga takalminsa ba, babu wanda ya ce ga inda abin ya faru.

Da muka dawo, ƙungiya ta mutu ba tare da kowa ya ce ta mutu ba. Mai waƙa ta yi aure a Yola. Malam ya koma ajinsa ya ƙara yin shiru. An fasa shagona an kwashe duk abin da zai sayu, amma ƙaramar na'urar nan ta Maiha tana nan a ƙuryar aljihun tebur cikin tarkacen waya. Mama kuma ta sauko daga dutse da faifan a ɗaure cikin zani. Da shi ta gudu, ta bar akuyoyinta.

Ni na juye mata faifan a katin memori, na kai mata wata ƙaramar rediyo mai cin kati wadda ake cajinta da hasken rana, na nuna mata maɓallin da za ta danna. Tun daga nan duk zuwan da zan yi Muchalla, kuma ina zuwa akai-akai, tun daga bayan danga nake jiyo waƙoƙinmu. Da su take ɓarar gyaɗa, da su take tankaɗe. Ta haddace kowane lungu na jitar nan. Sai ta ɗaga yatsa ta ce, "Tsaya, ka ji nan? Ka ji yadda yaro na yana da hankali a hannu?" Ko kuma, "Nan wurin ya yi kamar baban shi, ba ya gaggawa." In ce, "Haka ne, Mama."

A shago kuwa na kamu da wani ciwo. Idan babu aiki sai in jera biyun, na Jos a sifikar dama, na Maiha a ta hagu, in saurari waƙa ɗaya a nan in sake saurarenta a can. Shekaru na yi ina wannan, har matata ta ce in je a yi mini addu'a.

Zan faɗi gaskiya, na Jos ya fi daɗin ji. Duk wanda na kunna wa biyun shi yake zaɓa, har da matata. Muryar mai waƙa tana gaba, kowace kalma ana jinta. Bes yana ƙasa yana riƙe da komai. Jitar tana sheƙi, hannun mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Sai da na daɗe ina saurare na gane cewa amshin waƙa ta biyu, wanda yake zuwa sau uku, sau ɗaya aka buga shi, aka kwafa aka manna a sauran wuraren. Ko ɗan kuskuren da ke cikinsa iri ɗaya ne duka ukun. Babu inda wani ya ja numfashi, babu inda kujera ta motsa.

Na Maiha kuwa kasuwa ne. Kafin a fara ana jin wani yana ihu a zo a janye babur daga hanya. Janareta tana gurnani a ƙarƙashin komai, wani lokaci ta yi kamar za ta mutu, sauti ya lanƙwashe sannan ya miƙe. Muryar mai waƙa tana can nesa, saboda inda na ajiye na'urar. Abin da ke kusa, har ya cika kunne, jitar abokina ce, da duk ƙiii ɗinta.

Akwai waƙa ta uku, wadda muka yi a kan 'yan acaɓa da hanyar ƙauye da damina. A na Jos minti huɗu ce cif. A na Maiha ta haura shida. Ni nake buɗe ta da ganga, kuma na buɗe ta da gudu, don na ga 'yan mata sun taso. Shi kuwa ya ƙi bi na. Ya shigo a nasa lokacin, a baya, ya tsaya a nan. Ana jin mu muna ja-in-ja har ƙarshen baiti na farko. Malam ya fara komawa wajensa, sannan mai waƙa, sannan ni, ba tare da na sani ba. Daidai inda na sauko na same shi, nan waƙar ta zauna, nan kuma wata mata ta rangaɗa guɗa. Na ɗauki wannan sautin ne don in kama shi da laifi, sai ga shi ni ya kama. Ranar da na fara gane haka na rufe shago na yi kuka, don babu wanda zan je in ce wa ya yi gaskiya.

A waƙa ta huɗu tsirkiya ta tsinke masa. Ana jin tas ɗinta. Kiɗan ya yi rauni na ɗan lokaci, ni na fara sassautawa, sai ga muryarsa dab da na'urar: "Ci gaba, ci gaba!" Ya ƙarasa waƙar da tsirkiya biyar, yana zagaye ramin da ta bari, kuma abin da ya buga a wurin bai taɓa buga shi ba kafin nan ko bayan nan. Iya sanina, waɗannan kalmomi ne kaɗai suka rage na muryarsa a duniya. A ta shida iska ta taso tana bugun makirfo, aka fara yayyafi, ya ƙi tsayawa har sai da aka kashe janareta a tsakiyar bugunsa.

Kullum in na gama saurare sai in ji haushi ya turnuƙe ni. Ga ɗanta nan a aljihun teburina, da ransa da taurin kansa, ita kuwa tana can tana shafa hannun wani baƙo tana kiran sa nata. Na sha ɗaukar na Maiha a aljihu in tafi da shi, in dawo da shi ban fitar ba. Ina tsoron abin da zai biyo baya in ta tambaye ni me ya sa biyun ba su yi kama ba.

Da aka cika shekara goma, dangi da fasto suka zauna suka ce jiran ya isa. Za a yi masa addu'ar sallama kamar yadda ake yi wa wanda aka binne, ko da babu abin binnewa, don Mama ta tsufa kuma bai kamata ta tafi ta bar zancen a buɗe ba. Ta aiko a kira ni. Ta ce in kawo manyan sifikuna, in kafa a filin coci, a sa waƙar ɗanta duk Muchalla ta ji.

Na je kwana uku kafin ranar don in duba wurin. Da hantsi ne. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar wake a faifai, rediyon tana gefenta tana yi. Na gaishe ta, ta sa aka kawo mini kunu. Na yi ta juya maganar a raina. Na ce wa kaina ba sai na karya alkawari ba. Zan kunna mata na Maiha kawai, in ce ga wani da na samo, a haɗa biyun a sa. In ta ji muryarsa, shi ke nan, sauran zai zo da kansa.

"Mama, akwai wani da muka yi a Maiha, a gidan biki. Shi ma yana ciki, har da maganarsa. Bari ki ji."

Na kashe tata na kunna a wayata. Mai neman a janye babur ya yi ihunsa, janareta ta yi gurnani, jita ta shigo da ƙiii ɗinta. Ina kallon fuskarta. Hannunta bai daina ɓarar wake ba. Ko minti ɗaya ba a yi ba ta yamutsa fuska.

"Kashe, kashe. Wannan hayaniya ne."

"Ki ɗan jira, Mama, akwai inda yake magana a gaba."

"Na ce ka kashe. Kar ka kawo wannan a gaban mutane, ka ba shi kunya. Wannan lokacin bai iya ba tukuna." Ta miƙa hannu ta shafa rediyonta. "Wannan ne shi. A nan ne ya iya."

Na sha gaya wa kaina cewa don shi na yi, don kada a sallame shi da kiɗan wani. Ƙarya ne. Haushi ne ya ɗebe ni, irin wanda yake ɗibata in an ce sifika lafiya take alhali ina jin tana ƙara. Na ji an faɗi abu ba daidai ba, bakina ya riga hankalina.

"Mama, wannan da kike ji ba shi ba ne. Babu hannunsa a ciki ko kaɗan. Mutumin Jos ne ya share nasa ya buga da kansa. Shi ma ya sani, tun ranar farko ya sani."

Hannunta ya tsaya a cikin waken. Ba ta yi kuka ba, ba ta ce na yi ƙarya ba. Da ta ce haka da na samu hanyar janyewa, in ce wasa nake, in ce na ruɗe. Amma ta san ni, ta san don kunnena ake zuwa wurina. Ta daɗe tana kallon rediyon. Kaji suka zo suna tsattsagar waken da ke bakin faifan, ba ta kore su ba.

"Duka?" ta ce.

"Duka shidan."

"Har wurin da ya yi kamar baban shi?"

Na sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ta ɗauki rediyon ta juya bayanta. Da farcenta ta dinga ƙoƙarin zaro katin, yana kufce mata, don ba ta taɓa cire shi ba tun ranar da na saka. Na miƙa hannu in taimaka, ta kauda. Da ya fito ta riƙe shi a tafin hannu, ɗan abu kamar ƙwayar kabewa.

"Shi wannan mutumin Jos, yana da rai?"

"Yana da rai, Mama."

"Maman shi fa?"

"Ban sani ba."

"Ka nema. Ka kai mata." Ta sa mini katin a hannu ta naɗe yatsuna a kansa. "Ka ce na riƙe mata yaro shekara goma."

Na durƙusa a gabanta. Na ce ta yafe mini. Na ce zan juye mata na Maiha a wani katin yau ɗin nan, zan rage ƙarar janaretar, zan zauna da ita in nuna mata inda yake, wuri bayan wuri, har inda ya yi magana. Na ce wannan shi ne na gaskiya, kuma ya fi wancan, wallahi ya fi shi, in ta ba shi lokaci za ta ji.

Ta girgiza kai, ta jawo faifan wakenta.

"Shekara goma na yi ina koyon wancan. Kunne na ya tsufa. Ba zan iya koyon wani yaro ba."

Ranar addu'ar na zo da sassafe na kafa sifiku huɗu a filin coci, na gwada su har sai da babu sauran ƙara ko kaɗan. Jama'a suka cika filin, har daga Mubi da Maiha. Malam ya zo, mai waƙa ma ta taso daga Yola da goyonta. Aka yi karatu, matan zumunta suka yi waƙa, wani kawunsa ya faɗi irin ƙoƙarinsa a gona. Babu wanda ya san abin da ya faru a inuwar rumbu. Sai fasto ya ce yanzu za a ji kiɗan marigayi, wanda mahaifiyarsa ta rayu da shi duk shekarun nan, ya juyo ya yi mini alama da hannu. Duk filin ya juyo. Katin Jos da wanda na juye na Maiha a ciki duka suna aljihun rigata. Na dubi Mama a kujerar gaba, ta dube ni, ta girgiza kai sau ɗaya. Fasto ya sake yi mini alama, yana tsammanin na'ura ce ta ƙi. Na tsaya da hannuna a kan maɓalli, sifiku huɗu suna huci, jama'a suna jira, ni kuwa ba ni da abin da zan sa.